An ci moriyar ganga, wa zai ɗauki kwaurenta?

A wata tafiya da na yi, jirginmu ya sauka yana gangarawa a hankali zuwa inda za a sauke mu, sai muka bi ta gefen wani tsohon jirgi da aka yasar a ƙarshen fili. Ina bakin taga, don haka na gan shi da kyau. Tayoyinsa sun sace sun nutse cikin ƙasa, ciyawa ta kai masa ciki. Inji ɗaya babu, sai wayoyi da bututu suna reto a gurbinsa. Ɗayan yana nan, tsuntsaye na shiga suna fita ta bakinsa. Fenti ya kwaile, sunan kamfanin ya dusashe amma ana iya karanta shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani baƙin tabo a ƙasa, daidai ƙarƙashin fiffike, inda ciyawa ta ƙi fitowa.

Dattijon da ke kusa da ni ya leƙo ya ce, "Allah sarki, wannan ya gama nasa." Na ce, "Baba, ai bai kamata a bar shi haka ba." Ya ce, "To ɗana, ƙarfe ne fa. Wa zai cuta a can? In sun ga dama su sayar wa 'yan gwangwan."

Ban ja da shi ba. Amma maganar ta bi ni har gida, don na san haka yawancinmu muke kallon abin.

Ra'ayina shi ne: kuɗin kwance jirgi da tsabtace bayansa ya kamata a fara tara shi tun ranar da ya fara ɗaukar fasinja, daga aljihun wanda ya ƙera shi da duk waɗanda suka yi kasuwanci da shi, kuma doka ce za ta tilasta hakan. Yadda ake yi a yanzu, masu ƙarfi suna cin moriyar jirgi yana sabo, su miƙa shi ga na ƙasa da su, shi ma ya miƙa gaba, har ya faɗo hannun wanda ba shi da halin binne shi. Wannan rashin adalci ne, kuma haɗari ne.

Yadda ake yi idan an ga dama

Ba a rasa sanin yadda ake yi ba. A Tuson ta jihar Arizona a Amurka akwai filin ajiye jiragen soja na Davis-Monthan tun 1946, mai ɗauke da jirage fiye da 3,000. An zaɓi wurin ne saboda ruwan sama kaɗan ne, tsatsa ba ta samun sukuni, ƙasar kuma tana da tauri yadda jirgi ba zai nutse ba. Jiragen fasinja suna da nasu wuraren: Mojabe da Victorville a Kalifoniya, Teruwel a Sifaniya, Tarbes a Faransa, Alice Springs a tsakiyar Ostareliya.

A irin waɗannan wurare, jirgin da aka yanke shawarar ba zai sake tashi ba yana bin tsari. Da farko a tsiyaye shi kaf: man jirgi, man inji, man haidirolik (mai motsa birki da ƙafafun sauka), ruwan banɗaki. A cire batura da tulunan kashe gobara da na iskar numfashi. Sannan makanikai masu lasisi su shiga kwance abin da zai sake amfani, injuna, ƙafafun sauka, na'urorin ɗakin matuƙi, ƙofofi, har kujeru. Duk abin da aka kwance sai an rataya masa takarda mai lambarsa da jirgin da ya fito da tsawon aikin da ya yi. Sai an gama wannan ne ake yanka gangar jikin, a kan daɓen siminti mai magudanar da ke tare duk abin da ya zuba.

Kamfanin Airbus ya gwada haka daga 2005 zuwa 2007 a Tarbes, a wani shiri mai suna PAMELA, inda aka kwance tsohon jirgi ƙirar A300 aka nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na nauyinsa zai iya komawa amfani. A 2006 kuma aka kafa ƙungiyar AFRA ta masu harkar kwance jirage, da Boeing cikin waɗanda suka assasa ta, ta tsara ƙa'idojin aikin. A yau kamfanonin da suka ƙware suna cewa sun haura kashi 90.

Matsalar ita ce shiga ƙungiyar ganin dama ne. Wanda ya so ya bi, wanda bai so ba babu mai kama shi.

"Ai kasuwa na yin aikinta"

Wannan ita ce hujjar farko da za a kawo mini, kuma tana da ƙarfi. Za a ce tsohon jirgi dukiya ne, babu mai hankalin da zai zubar da dukiya, don haka a bar kasuwa ta ji da shi.

Gaskiya ne tsohon jirgi dukiya ne, amma dukiyar ba a ko'ina take a jikinsa ba. Kaso mafi tsoka yana cikin injuna. Bayan su sai ƙafafun sauka, da ƙaramin injin da ke wutsiya, da na'urorin lantarki. Wanda ya sayi jirgi don kwancewa, a kan waɗannan ya yi lissafinsa. Da zarar an cire su, abin da ya rage ƙaton bututun alminiyam ne cike da audugar rufi da robobi da kafet da wayoyi, wanda kuɗin yanka shi da rarrabe shi kan cinye abin da za a samu a ƙarfen. Idan wurin da yake ya yi nisa da masana'antar narka ƙarfe, asara ce ma tsagwaronta.

Ko injunan ma, darajarsu ta dogara ne ga 'yan'uwansu da ke sama. Muddin akwai dubban jirage irinsa suna aiki, kayansa na da masu saye. Ranar da irinsa suka ƙare a sama, kayan nan sun zama tarkace. Wato jirgin da aka fi daɗewa ana tatsa, wanda ya kai shekara 30 ko 35, shi ne wanda kasuwa ba ta da sauran sha'awa a kansa ranar da ya tsaya. A daidai lokacin da ake buƙatar kasuwa ta yi aikinta, a nan take juya baya.

A watan Disamba na 2015 hukumar filayen jiragen sama ta Malesiya ta buga sanarwa a jarida tana cigiyar mai wasu jirage uku, ƙirar Boeing 747 na dakon kaya, da aka bari a filin Kuwala Lumfur fiye da shekara guda. Ta ba da wa'adin kwana 14, in ba a zo ba za ta sayar ko ta kawar da su. A duba girman abin: 747 guda uku, kowanne ya fi gidan bene tsayi, amma sai da aka yi cigiyar mai su kamar an tsinci jaka a hanya. Daga baya wani kamfani ya fito ya ce nasa ne, aka shiga jayayya a kan takardu. Wannan a babban fili ne na ƙasar da ke da hukumomi masu aiki. To ina ga ƙananan filaye, inda kamfani ya karye, masu shi suka watse, bashin ajiya ya ninka darajar jirgin, kotu kuma ta hana a taɓa shi har sai an gama shari'ar da ba ta da ranar ƙarewa?

Kasuwa na kula da abin da ke kawo riba, kuma ban ga laifinta ba. Laifin na wanda ya zaci za ta kula da sauran ne.

Wani abin da ke nuna haka ta ɗaya ɓangaren: a 'yan shekarun nan, saboda ƙarancin injuna bayan matsalar da aka gano a wasu injunan kamfanin Pratt & Whitney a 2023, an kwance jirage ƙirar A320neo da ba su kai shekara 10 ba, don injunansu sun fi jirgin gaba ɗaya tsada a kasuwa. Ga sabo ana yankawa, ga tsoho yana ruɓewa a ciyawa. Lissafin kuɗi ne ya haifar da duka biyun.

"Ƙarfe ne kawai"

Nan ne na so in tsaya da dattijon nan da na samu dama.

Man haidirolik na manyan jirage yana cin fenti, yana ƙona fata da ido. A cikin bututu yake zaune, kuma robar da ke riƙe shi tana bushewa ta tsage idan jirgi ya daɗe a rana. Ina kyautata zaton irinsa ne, ko ragowar mai, ya yi tabon da na gani. Abin da ya shiga ƙasa kuwa ruwan sama ne ke kai shi gaba.

Fentin farko da ake shafa wa alminiyam don kare shi daga lalacewa ya daɗe yana ɗauke da wani nau'in kuromiyam da aka tabbatar yana jawo ciwon daji. Ƙusoshi da yawa an lulluɓe su da kadmiyam. Muddin suna manne ba su da wata illa ga fasinja. Amma ka ba wa mutum injin yanka ko wutar walda ka ce ya daddatsa fiffike, ba takunkumi, ba tabarau, ƙurar da hayaƙin huhunsa za su shiga. Wanda zai yi wannan aikin a inda babu tsari ba injiniya ba ne, talaka ne mai neman abin kai wa gida, kuma babu wanda zai gaya masa abin da yake shaƙa.

Akwai iskar halon da ke tulunan kashe gobara na injuna da rumbun kaya. Tana lalata lemar ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, shi ya sa yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta kai ga daina ƙera ta, tun 1994 a ƙasashe masu arzikin masana'antu. Har yau jirage na dogara da ita, kuma daga tsohuwar da aka tattaro aka tace ake samu. Duk tulun da aka bari ya huce a iska, an yi asara biyu: an cutar da sararin sama, an kuma rage abin da jiragen da ke aiki za su kashe gobara da shi.

Tsofaffin 747 na farko ma da ragowar yuraniyam, ƙarfen nan na harkar nukiliya, aka yi musu ma'aunin nauyi a wutsiya, kafin a koma wani ƙarfen. Mutane da yawa ba su san da haka ba sai a 1992, lokacin da wani 747 na dakon kaya ya faɗa kan benen gidaje a Amstadam, aka tattara tarkace wani kaso na yuraniyam ɗin ya ƙi ganuwa.

Amma labarin da ya fi girgiza ni shi ne na ranar 11 ga Mayu, 1996. An ciro wasu ƙananan gwangwanaye masu samar da iskar numfashi daga jiragen da ake gyarawa, don wa'adinsu ya ƙare. Irin waɗanda ke saman kan fasinja ne, masu aiki idan takunkumi ya faɗo, kuma suna yin zafi sosai idan suka kunnu. Ba a sa musu murfin kariya ba. Aka zuba su a kwalaye aka loda a rumbun kayan jirgin ValuJet da zai tashi daga Mayami zuwa Atlanta. Mintuna kaɗan da tashi wuta ta kama, jirgin ya faɗa fadamar Everglades, mutum 110 da ke ciki babu wanda ya tsira. Abin da ya kashe su kaya ne da aka riga aka ce ya gama aiki. Duk jirgin da aka yasar ba a kwance shi bisa ƙa'ida ba, akwai yiwuwar irin waɗannan suna nan a jikinsa.

Ƙusa marar takarda

Haɗarin da ya fi ba ni tsoro ba ya zama a inda jirgin yake. Tafiya yake yi.

A harkar jirgin sama, takarda ita ce rabin kaya. Wasu sassan inji da ƙafafun sauka suna da adadin tashi da sauka da aka ƙayyade musu. In sun cika, sun mutu, ko da ido na ganinsu kamar sababbi, domin gajiyar ƙarfe ba ta nunawa a fuska. Shi ya sa a wuraren kwancewa na ƙwarai ake lalata irin waɗannan da gangan, a yanka su ko a huda su, yadda babu mai iya wanke su ya sake sayarwa.

Jirgin da aka bari ba mai gadi, ba mai rajista, rumbu ne a buɗe ga duk mai son wannan mugunyar sana'a. A kwance da dare, a goge, a buga takardar bogi.

Kada a ce ina zuzutawa. A 1989 wani jirgin kamfanin Partnair da ya tashi daga Oslo zuwa Hambug ya tarwatse a sama kusa da gaɓar Denmak, mutum 55 suka mutu. Bincike ya gano cewa ƙusoshin da ke riƙe da wutsiyarsa na jabu ne. A 2023 kuma aka bankaɗo wani dillali a Landan yana sayar da kayan injin CFM56 da takardun bogi, injin da ke jikin dubban Boeing 737 da Airbus A320. Sai da kamfanoni a nahiyoyi daban-daban suka sauke jirage suna neman kayan a cikin injunansu. Waɗannan biyun ba daga jirgin da aka yasar suka samo asali ba, amma sun nuna cewa ƙofar a buɗe take, kuma akwai masu shiga. Fasinjan da ke zaune a sabon jirgi a wata ƙasa mai nisa yana da ruwa da tsaki a yadda aka ƙare da wancan na cikin ciyawa, ko bai sani ba.

"Sayar da tsoho ai shi ne sake amfani"

Wannan hujjar na yarda da rabinta. Jirgi mai shekara 15 ko 20 da aka kula da shi lafiyarsa lau, kuma ƙaramin kamfani ba zai iya sayen sabo ba. Da yawa ma ana cire musu kujeru su koma dakon kaya su ƙara shekaru masu yawa. Hana sayar da tsohon jirgi zai hana wurare da dama zirga-zirgar sama ne kawai, kuma ba na goyon bayan haka.

Abin da nake ƙi shi ne a sayar da jirgi tare da wani bashi da ba a rubuta a takardar ciniki ba. Kamfanin farko ya yi shekara 12 ko 15 yana kwasar riba lokacin da jirgin ba ya cin kuɗin gyara sosai. Na biyu ya samu nasa daidai gwargwado. Na ƙarshe ya karɓe shi lokacin da gyara ya yi tsada, mai ya fi sha, sannan shi kaɗai aka bar wa ɗawainiyar kawar da shi. Kamar mutum huɗu ne suka yi ta hawan doki ɗaya, ranar da ya faɗi aka ce wanda linzami ke hannunsa shi zai haƙa rami. Kuma kowa ya san jirage daga ƙasashe masu kuɗi suke gangarawa zuwa marasa shi, ba sa hawa.

Abin da kashi 90 ke ɓoyewa

Ko a inda ake aikin da kyau, akwai maganar da ba a cika faɗi ba. Narka tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen samar da sabo daga ma'adini. Riba ce babba. Sai dai alminiyam ɗin jirgi ba iri ɗaya ba ne: wani an gauraya shi da jan ƙarfe, wani da tutiya, kuma an ɗinke su da juna da ƙusoshi. Boeing ya ce 747-400 na da sassa miliyan 6, rabinsu ƙusoshi ne da makamantansu. Idan aka niƙa duka wuri guda aka narka, abin da zai fito bai isa ya sake zama fiffike ba, sai dai a yi wani abin da bai kai shi daraja ba. Rarrabewa kafin yanka ita ce magani, amma tana cin lokaci da hannu, wato kuɗi. Mun sake dawowa kan tambayar wa zai biya.

Babbar matsalar kuma tana tafe. Boeing 787 kusan rabin nauyinsa ba ƙarfe ba ne, zaren kabon ne da aka daskarar cikin wani irin danƙo. Airbus A350 ma haka, kashi 53. Wannan ya sa ba su da nauyi, ba sa shan mai da yawa, kuma ci gaba ne na gaske. Amma ba a narka shi a sake zubawa kamar alminiyam. Sai an gasa shi danƙon ya ƙone, a samu zare gajere wanda ba ya komawa jikin jirgi. A 2023 aka kwance 787 guda biyu, na farko cikin waɗanda suka yi jigilar fasinja, a Prestwick ta Sukotlan, suna da kusan shekara 10. Biyu ne kawai. Irinsu da ke sama sun haura 1,000.

Wanda ya zaɓi abin da za a ƙera jirgi da shi, shi ya fi kowa sanin yadda za a kwance shi, kuma shi kaɗai ke da ikon sauƙaƙa hakan tun a kan takardar zane. Muddin kuɗin kwancewa ba ya taɓa aljihunsa, ba shi da dalilin damuwa. Wannan ne ya sa na ce dole maƙeri ya kasance cikin masu biya.

Su kuma masu mayar da tsohon jirgi gidan abinci ko otal, ko su yi tebur da fiffike, ba ni da ja da su. Abin sha'awa ne, amma jirage nawa za su ɗauke? Kamfanonin ƙera jirage da kansu suna hasashen cewa waɗanda za su yi ritaya cikin shekara 20 masu zuwa sun haura 10,000. Nutsar da su a teku don masu ninƙaya, kamar yadda aka yi da A300 a Turkiyya a 2016 da 747 a Bahrain a 2019, shi ne ban gamsu da shi ba ko kaɗan. Alminiyam ne mai tsada aka jefa ruwan gishiri.

"Tikiti zai ƙara tsada, kuma wa zai tilasta?"

Mu yi lissafi mai sauƙi. A ce jirgi na ɗaukar mutum 150, yana tashi sau 4 a rana, kwana 300 a shekara, har shekara 25. Mutum miliyan 4 da rabi ke nan. A raba kuɗin kwance jirgi ɗaya a kansu, abin da zai faɗo wa kowa ba zai ji shi a tikiti ba. Kuɗin na zama dutse ne kawai idan aka tara shi aka ɗora wa mutum ɗaya a rana ɗaya.

Hanyar tarawa ma ba sabuwa ba ce a wannan sana'a. Kusan rabin jiragen fasinja na duniya na haya ne, kuma kamfanoni da yawa da ke hayar suna biyan mai jirgi wani kuɗi a kan kowace sa'ar tashi, ana ajiyewa don babban gyaran da zai zo nan gaba. Kowa ya saba da wannan. Abin da nake kira shi ne a ƙara layi ɗaya: ajiyar kwancewa. Maƙeri ya zuba kason farko ranar miƙa jirgi, duk mai aiki da shi ya riƙa ƙarawa gwargwadon sa'o'insa. Kuɗin ya zauna a asusun da ba na kamfanin ba, yadda ko ya karye masu bin bashi ba za su taɓa ba, kuma kada a sake shi sai ga wurin kwancewa mai lasisi, bayan ya nuna shaidar ya gama.

Za a ce jirgi na canza ƙasar rajista kamar riga. Haka ne. Amma lambar da maƙeri ya ba shi ba ta canzawa har ya mutu. Kuma tuni akwai rajistar duniya da ke bin jirage da injuna da wannan lambar, wadda yarjejeniyar Kef Tawun ta 2001 ta samar, mai ofis a Dablin, ƙarƙashin kulawar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. An kafa ta ne don kare haƙƙin bankuna da masu ba da haya. Idan an iya bin jirgi ƙasa-ƙasa don kada mai bin bashi ya yi asara, za a iya bin sa don kada a bar wa wani gari gawarsa.

Sauran abubuwan hawa sun riga sun yi gaba. Tarayyar Turai ta yi dokar tsofaffin motoci tun 2000: mai mota na ƙarshe yana miƙa ta kyauta, masu ƙerawa ke ɗaukar duka ko mafi yawan kuɗin, kuma daga 2015 dole kashi 95 na nauyinta ya samu wani amfani. Jiragen ruwa, bayan shekaru ana ganin ma'aikata na mutuwa a gaɓar Alang ta Indiya da Citagon ta Bangladash da Gadani ta Pakistan suna yanka su da hannu, sun samu yarjejeniyar Hong Kong. Ta wajabta wa kowane jirgi ya riƙe jerin abubuwa masu guba da ke jikinsa, kuma a kwance shi a wurin da hukuma ta amince. Tana da gibi, musamman yadda ake canza wa jirgi tuta kafin tafiyarsa ta ƙarshe, amma akwai ta. Jirgin sama, wanda ake ƙirga kowace ƙusarsa yana raye, shi ne ba shi da irinta.

Kuma lokaci ba ya jira. An amince da yarjejeniyar Hong Kong a 2009, ba ta fara aiki ba sai 26 ga Yuni, 2025. Shekara 16 ke nan. 787 ya fara ɗaukar fasinja a 2011, A350 a 2015, jirage kuma kan yi ritaya ne tsakanin shekara 25 zuwa 30. Ko yau ƙasashe suka zauna a teburi, in suka yi tafiyar da aka yi a kan jiragen ruwa, dokar ba za ta fara aiki ba sai bayan 2040. A lokacin, rukunin farko na jiragen zaren kabon sun riga sun fara tsayawa, da yawansu a hannun mai su na uku ko na huɗu, ba tare da an ajiye musu ko sisi ba.